Haske: Kalmar Da Kowa Ke Faɗi A Kasuwa, Amma Kowa Da Abin Da Yake Nufi

Wata ranar Laraba da dare muna cikin shirinmu na kiran waya a gidan rediyo, sai wani mai sauraro ya bugo daga wata kasuwar bakin iyaka. Bayan gaisuwa ya ce shi kukansa guda ne, a kasuwarsu babu haske. Abokin aikinmu da ke kan na'ura ya yi farat ya ce ai Alhaji matsalar wuta ta game ko'ina, mu ma nan da gurup muke aiki. Mutumin ya ce a'a, shi ba zancen lantarki yake ba, kuɗin rumfa ne da ake karɓa duk mako ba su san inda yake shiga ba. Ba mu gama dariyar wannan ba, wata baiwar Allah ta bugo ta ce tun da maganar haske ake, a faɗa mata man da ya fi sa haske. Na uku kuwa wani dattijo ne, ya ce ya ji muna ta haske haske, shi kam hasken idonsa ne ya ragu, ina ne ake aikin yana?

Mutum uku ke nan cikin rabin sa'a, kowa ya ce haske, kuma babu wanda ya yi kuskuren Hausa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi sawun kalmar, daga rumfar mai kayan wuta zuwa ta mai shadda, daga teburin ɗan canji zuwa zauren malam, domin mun lura cewa akwai dukiya mai yawa da ke salwanta a kasuwanninmu saboda mai saye da mai sayarwa sun faɗi kalma guda alhali kowa da abin da ke ransa.

Tun farko ma Bahaushe ya raba abin gida biyu. Akwai wuta, akwai haske. Wuta ita ce mai ƙuna, ita ake dafa tuwo da ita, ita ake neman tsari da ita a lahira, kuma da lantarki ya zo sai aka ɗora masa sunanta. Shi ya sa muke cewa an kawo wuta, an ɗauke wuta, har in mutum ya yi shiru don mamaki sai a ce ya ɗauke wuta. In farashi ya tashi a ce kaya sun yi wuta, direba in ya taka mota a ce ya ba ta wuta. Haske kuwa shi ne abin da wutar ke bayarwa wanda ido ke gani da shi, kuma ana samunsa ko babu ƙuna, kamar na farin wata. A ɓangarenmu na nan wasu kan ce kuran, daga Faransanci, a ƙetare kuma har gobe tsofaffi Nepa suke cewa, ko da yake hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta canza suna tun 2005, kuma an sayar da kamfanonin rarraba wutar ga 'yan kasuwa a 2013.

Wutar da ke ƙetare iyaka

Kamar yadda gero da wake da shanu ke ƙetare iyaka, haka ita ma wuta ke ƙetarewa, sai dai ita ba ta tsayawa gaban 'yan duwan. Kamfanin NIGELEC an kafa shi a 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a Nijeriya. A 1976 aka ja babban layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, sannan a 1994 aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa, wanda ya riƙa ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023, kimanin kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da NIGELEC ke rarrabawa daga Nijeriya yake zuwa.

Idan mai karatu bai manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, kuma a farkon watan Agusta Nijeriya ta katse wutar. A lokacin ne kowa ya gane cewa abin da muke kira wuta ya wuce ƙwan da ke rataye a ɗaki. Mai ƙanƙara ya tsaya, mai niƙa ya tsaya, mai walda da tela da mai cajin salula duk suka koma lissafin litar mai. An ɗage takunkumin ranar 24 ga watan Fabrairu na 2024, wuta ta dawo bayan haka. A tsakiyar wannan hali ne, cikin watan Nuwamba na 2023, tashar hasken rana ta Goru Banda kusa da Yamai mai ƙarfin megawat 30 ta fara aiki, bayan ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. Watannin nan bakwai sun buɗe wa masu sayar da allon sola da batir da ƙwan LED kasuwar da ba su taɓa gani ba, kuma a nan ne rikicin kalma ya fi cin kuɗin jama'a.

Wat daban, haske daban

Je ka rumfar mai kayan wuta a Konni ko Ɗan Isa ko Magarya, ka tsaya minti goma. Za ka ji mai saye ya ce a ba shi ƙwai mai haske sosai, mai rumfa kuma ya ɗauko kwali ya nuna masa lamba ya ce wannan wat kaza ne. To a nan aka fara saɓa wa juna. Wat ba ma'aunin haske ba ne, ma'aunin cin wuta ne, wato yawan abin da ƙwan ke zuƙa daga mita ko daga batir. Ma'aunin haske sunansa lumen, kuma a kan kwali ana rubuta shi da haruffa biyu, lm. Wanda ya sayi ƙwai da wat kamar wanda ya sayi doki ne don an gaya masa yawan dawar da yake ci, bai tambayi gudunsa ba.

Abin da ya jawo ruɗanin shi ne zamanin tsohon ƙwai mai zare a ciki. Wancan duk iri guda ne, saboda haka in wat ya ƙaru haske ya ƙaru, sai mutane suka saba. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen wajen 800, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zafi take zama, shi ya sa ba ya taɓuwa in ya daɗe a kunne. Ƙwan LED mai kyau yana ba da wannan lumen 800 ɗin da wat 8 zuwa 10 kacal. Don mai karatu ya kwatanta, kyandir guda lumen 12 ne ko sama kaɗan, ke nan ƙwai guda ya haura kyandir sittin. Wannan farin ƙwan LED da muke gani yau ya samu ne bayan da wasu masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda ake yin LED mai shuɗin haske, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2014.

Ga lissafin da ya kamata duk mai shago ya iya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in ka ninka su, ya ba ka 1,200. Amma batir irin na dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saboda haka abin da ke hannunka 600 ne. In ka kunna ƙwan LED uku masu wat 9, jimla wat 27, sai ka raba 600 da 27, ka ga za su kai sa'a 22. In tsofaffin ƙwai uku ne masu wat 60, jimla 180, sa'a uku da 'yan mintoci batir ya kwanta. In kuma ka ƙara fanka mai wat 50 a kan ƙwan LED ɗin nan uku, sa'a 22 ta dawo ƙasa da takwas. Da yawa daga masu zuwa suna zagin mai sola cewa ya sayar masu da mataccen batir, fankar ce da talabijin suka cinye shi.

Sai dai kuma mu faɗi gaskiya, ba kullum laifin mai saye ba ne. Kasuwa ta cika da tocila da fitilun caji da aka rubuta wa lambobin da hankali ba ya ɗauka. Mun taɓa sayen wata fitila da ba ta fi tafin hannu ba, an rubuta mata wat ɗari biyar a jiki, ga ɗan allon sola kamar marfin gwangwani a bayanta. Sa'a guda ta yi ta fara lumshe ido. Abin da masu gyara suka koya mana shi ne a duba lumen, a duba girman batirin da ke ciki, a ɗaga a ji nauyi, domin batir na gaske ba ya rasa nauyi, sannan a nemi mai rumfa ya kunna biyu a jere a cikin inuwa. Ɗan kasuwar da ke saro irin waɗannan kaya da katan daga Kano ko Kwatano, shi ya fi kowa bukatar wannan gwaji, don shi za a dawo wa da kaya, ba wanda ya ƙera ba.

Akwai kuma lamba ta uku a kan kwalin, mai harafin K a ƙarshe, wadda kusan babu mai kula ta. Ita launin hasken take nunawa. In ka ga 2700K hasken ja-ja ne mai kama da na fitilar ƙwai, in ka ga 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi. Mai nama da mai tumatir da mai goro sun fi kyau da na farko, domin fari mai shuɗi yana kashe jan abu ya sa shi ya yi kamar ya kwana. Mai gyaran salula da tela kuwa farin ya fi masu.

A rumfar shadda da teburin canji

Wannan magana ta launi ita ta kai mu layin 'yan yadi. A can in aka ce shadda tana da haske, sheƙi ake nufi, irin wanda ake biyan kuɗi mai yawa dominsa a Getzner ta ƙasar Ostiriya, ko wanda mabuga ke fitarwa da dukan itace a jikin baƙin rini har ya riƙa walƙiya kamar an shafa masa mai. In kuma aka ce launi mai haske, to kishiyar mai duhu ake nufi, kamar sararin samaniya a kan shuɗi mai turuwa. Mace ta aiko ɗanta daga ƙauye ta ce a sayo mata mai haske, yaro ya koma da mai sheƙi alhali ita mara duhu take so, rigima ta tashi, kuma yadin da aka yanka ba ya komawa.

Tsofaffin 'yan yadi suna da wata al'ada da yaran yanzu suka fara sakewa, wato su ce wa mai saye ya fita da ƙyallen bakin rumfa ya duba a rana. Dalili shi ne launin da ido ke gani ya dogara da irin hasken da ya sauka a kan abu. Hasken rana ya tara launuka duka, su ne muke gani a jere a jikin bakan gizo, ƙwai mai araha kuwa wasu launukan sun yi ƙaranci a cikinsa. Shi ya sa yadi biyu za su yi daidai a cikin shago da dare, gari ya waye a ga ɗaya ya fi ɗaya ja. Duk mai haɗa anko na biki, ko mai saro bandir da yawa da niyyar launi guda, ya yi cinikinsa da hantsi. Cinikin yadi a ƙarƙashin ƙwai ɗan'uwan cinikin biri a sama ne.

Ɗan canji kuma haskensa na aiki ne. In aka miƙa masa takardar jikka goma ko ta naira dubu, abu na farko da yake yi bayan ya murza ta shi ne ya ɗaga ta sama ya haska. Yana neman hoton ɓoye da ke cikin jikin takardar, wanda ba ya fitowa sai haske ya ratsa ta, da kuma zaren tsaro da aka saƙa a ciki. Takardun sefa na bankin BCEAO da aka fitar a 2003, da ta dala ɗari da ta biyo baya a 2012, duk suna da waɗannan alamu. Ƙananan takardun naira na roba, daga naira 5 zuwa 50, su kuma taga gare su da ake gani ta ciki.

Sannan ga 'yar fitilar nan mai shuɗin haske da manyan 'yan canji ke ajewa a aljihun tebur. Abin da take fitarwa yawancinsa ido ba ya ganinsa, wani irin haske ne da ya wuce iyakar ganin ɗan Adam. Amfaninta shi ne takardar rubutu ta yau da kullum an sa mata sinadarin ƙara fari, saboda haka in aka haska ta sai ta ɗau ƙyalli gaba ɗaya, ita kuwa takardar kuɗi ta gaske da auduga aka yi ta, jikinta ba ya ƙyalli sai wasu zare-zare da alamu da aka tanada. Jabun kuɗi ya fi yawo da almuru, lokacin da kasuwar dabbobi irin ta Maigatari ta ranar Alhamis ke watsewa, kowa na sauri, rana ta faɗi, ba a kunna fitila ba. Dare rigar mugu, in ji masu magana. Fitilar da ba ta kai kuɗin buhun gawayi ba tana iya tsare wa mutum kuɗin sa guda.

Abin da masana da malamai suka ce

Mun tambayi wani malamin kimiyya na kwaleji da ke zuwa shirinmu, shin shi hasken mene ne a wurinsu? Ya ce abu ne mai tafiya, kuma babu abin da ya kai shi sauri, kilomita wajen 300,000 a daƙiƙa guda. Duk da haka hasken rana sai ya yi minti takwas da 'yan daƙiƙu kafin ya iso gare mu. Ƙara kuwa ba ta wuce mita 340 a daƙiƙa, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Ya ce in ka ga walƙiya ka fara ƙirga, kowace daƙiƙa uku kilomita guda ce tsakaninka da inda ta faɗi, dabarar da za ta yi wa mai shanya hatsi a fili amfani da damina. Ya ƙara da cewa saƙon kuɗin da ɗan kasuwa ke aikawa daga Maraɗi zuwa Lome ko Dubai, a mafi yawan tafiyarsa haske ne ke ɗauke da shi a cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai, wanda aka binne a ƙasa da ƙarƙashin teku.

Shi ne kuma ya ba mu labarin Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Kafin shi, masana da yawa sun ɗauka ido ne ke fitar da haske ya je ya taɓa abu. Shi ya tabbatar ta hanyar gwaji, har da ɗaki mai duhu da 'yar ƙofa, cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, ya rubuta haka a littafinsa Kitabul Manazir. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da shi a 2015, shekarar da ta keɓe wa haske, kuma tun 2018 hukumar UNESCO ke bikin ranar haske duk 16 ga watan Mayu. Mu dai a Hausa har yanzu hasken ido muke cewa, kamar idon ne fitilar.

A zaure kuwa kalmar ta fi nauyi. Sura ta 24 a Alƙur'ani mai girma sunanta Suratun Nur, kuma An-Nur yana cikin sunayen Allah kyawawa. Daga nan muka samu Nura da Nuriya da Nuraddini da Muniru, da annurin da ake cewa yana fuskar mutumin kirki, wanda ba shi da alaƙa da fari ko baƙin fata. Malamai kan bambanta liya'u, hasken da ke fitowa daga jikin abu tare da zafi kamar na rana, da nuru, mai sanyi kamar na wata, kusan yadda Bahaushe ya raba wuta da haske. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, ana yi masa laƙabi da Nuruz Zamani, kuma yana da littafi mai suna Nurul Albabi. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya sa wa littattafansa da dama suna da Liya'u, kamar Liya'ul Hukkami da tafsirinsa Liya'ut Tawili. A wurinsu haske ilimi ne da shiriya, kishiyarsa kuma shi ne abin da muke kira duhun kai.

Hasken da ake sayarwa a kwalba

Sai mu koma ga baiwar Allah da ta tambaye mu man da ya fi sa haske. Wannan ita ce ma'anar da ta fi damunmu, domin kasuwarta babba ce, kuma da hannun 'yan kasuwarmu take ƙetare iyaka. Yawancin mayukan bilicin abu uku ne ke aiki a cikinsu, ko sinadarin haidurokinon, ko zaiba, ko kuma magungunan kumburi masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Aikinsu shi ne su hana fata yin sinadarin da ke ba ta duhu, alhali shi wannan sinadari shi ne laimar da ke kare ta daga zafin rana. A ƙasa irin tamu da rana ke dukan mutum tun hantsi har la'asar, cire wannan laima ba ƙaramin ganganci ba ne. Abin da ke biyo baya ma'aikatan lafiya sun san shi, fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, baƙin tabo ya zauna a kumatu da gaɓoɓin yatsu, rauni ko ɗinkin tiyata ya ƙi warkewa da wuri, zaiba kuma ta taɓa ƙoda, ta kuma iya isa ga jaririn da ke ciki ko mai shan nono.

Ƙasar Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu haidurokinon a 2016, Ruwanda ma ta bi sahu. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa wa zaiba iyaka a kayan shafa, sannan a 2023 ƙasashen da ke cikinta suka amince a daina sa ta kwata-kwata daga 2025. Wanda ya cika shagonsa da irin wannan kaya, ban da haƙƙin mutane da ke wuyansa, jarinsa ma yana kan siraɗi ranar da aka tare motar a kan hanya. Mun faɗa wa mai tambayar haka a iska, ta ce to ai ita kishiyarta ce ta fara. Ba mu da amsar wannan.

A gidan likita kuwa haske magani ne. Jaririn da aka haifa da shawara, idonsa da jikinsa suka yi ɗorawa, ana kwantar da shi ƙarƙashin shuɗin ƙwai na musamman a rufe masa ido, hasken ya narkar da abin da ya taru a jininsa. Hoton ƙashi da ake ɗauka, wanda Bajamushe Rontgen ya gano a 1895, shi ma wani haske ne da ido ba ya gani amma yana ratsa tsoka. A nan ƙasar radiyo ake ce masa, har wata tsohuwa ta taɓa zuwa ƙofar tasharmu da takardar likita a hannu ta ce an turo ta a yi mata radiyo. Dattijon da ya bugo mana kuwa, yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, kuma aiki ne na ƙasa da sa'a guda a hannun likitan ido. Abin da muke roƙo shi ne kada a kai idon ga masu kwantar da yana da tsinke a kasuwa, domin sau da yawa daga nan ne ɗan hasken da ya rage ke tafiya.

Manomi ma yana da nasa. Maiwa da wasu irin dawa ba sa fitar da kai sai tsawon yini ya fara raguwa a ƙarshen damina, ko da an shuka su da wuri, gero kuwa kwanakinsa yake ƙirgawa. Masu kajin ƙwai suna kunna fitila da dare don kaza tana son haske na sa'a 14 zuwa 16 kafin ta yi ƙwai yadda ya kamata. Dankalin turawa in ya sha haske sai ya yi kore, kuma koren nan alamar guba ce a cikinsa. Man gyaɗa da magani su ma rana na lalata su, shi ya sa ake zuba wasu magunguna a kwalba mai duhu, abin da masu tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana tsaka ba su damu da shi ba.

Akwai wani tarko kuma ga masu saro kaya daga ƙasashen Ingilishi. A harshensu kalmar da ke nufin haske ita ce dai ke nufin abu mara nauyi, shi ya sa ake ganinta a jikin kwalbar lemo mai ƙarancin sukari, da sunan ɗanyen man Nijeriya Bonny Light, wanda ba ya haska komai, tsinkewa ce gare shi. An daɗe ana buga ta a kwalin sigari don mai sha ya ɗauka cutarta kaɗan ce, har yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, wadda ta fara aiki a 2005, ta nemi ƙasashe su hana irin wannan rubutu na yaudara.

Saura mai kiran farko, wanda ya ce babu haske a kasuwarsu. Irin nasa hasken shi ne wanda 'yan jarida ke nufi in sun ce wane ya yi ƙarin haske, kuma shi ne dillali ke nufi in ya ce ba ni haske kan farashin wake a Dawanau kafin in ɗaure kaya. Ba banza ba jarida mai zaman kanta ta farko da Ibrahim Cheick Diop ya fitar a Yamai a watan Mayu na 1990, shekara guda kafin babban taron ƙasa na 1991, aka sa mata suna Haske. Mun bi maganar mutumin, muka gayyaci shugabannin 'yan kasuwar garin nasu zuwa shiri na gaba. Biyu suka zo, ɗaya ya aiko cewa yana da baƙi. Bayan muhawara mai zafi aka tsaya a kan cewa za a kafa allo a bakin ofishin kasuwa, duk ranar kasuwa a rubuta abin da aka tara da abin da aka kashe, kuma ba mai biyan kuɗin rumfa sai an ba shi tikiti mai lamba.

Da muka je bayan wata biyu mun tarar da allon, an rubuta lissafin mako shida, na mako biyu babu. Ma'ajin ya ce alli ne ya ƙare. A cikin abin da aka rubuta an kashe har da jikka tamanin na sayen fitilun sola huɗu don layin masu hatsi, inda ake yawan yanke buhu da dare. Uku suna ci, ta huɗun tun makon farko ta mutu, kuma da muka karanta jikinta wat dubu aka rubuta.